Wanda Bai Zo Ranar Alhamis Ba

Kocinmu ba ya fito da ƙwallo ranar Litinin. Wannan ne abin da ya fara ba ni mamaki lokacin da na shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejinmu, wata kwalejin horar da malamai da ke kusa da Kafanchan. Na zo fili da takalmina rataye a wuya, ina tsammanin za a ce in nuna abin da na iya, sai na tarar da 'yan wasa zaune a gindin mangwaro, shi kuma yana tsaye yana tambayar gola dalilin da ya sa ya baro raga a wata ƙwallo da aka bugo ranar Asabar. Sun ci wasan nan da rata mai yawa, amma da za ka ji yadda yake bin kurakuransu ɗaya bayan ɗaya, sai ka rantse su aka lallasa.

Malamin motsa jiki ne, mutumin wajen Kauru, gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingishi saboda gwiwar da ya ji wa ciwo tun yana saurayi. Dattijo ne a cocinsu, kuma ban taɓa jin ya zagi ɗan wasa ba. Mu kuwa kowa da yarensa, akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Jaba, da mu 'yan Manchok, da Hausawan cikin gari, don haka da Hausa yake mana magana, idan ransa ya ɓaci ya ɗan surka da Turanci. Koci kawai muke ce masa.

Kowace rana ta mako da aikinta a wurinsa, kuma ba ya sauyawa ko da wace ƙungiya za mu kara. Litinin ta magana ce. Talata ta gudu ce, mu bi hanyar gonaki mu hau tudun da ke bayan hostal, mu sauko, mu sake hawa, har sai wani ya durƙusa yana amai a cikin ciyawa. Laraba yakan bar mu da mataimakinsa muna taɓa ƙwallo, shi ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi garin waɗanda za mu buga da su, komai nisa, ya shiga cikin 'yan kallo ya ga tirenin ɗinsu. Idan a filinsu za a yi wasan, har takawa yake yi daga raga zuwa raga, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ta yi tauri.

Alhamis ita ce babbar rana. Ranar yake raba mu biyu, ya ba rukuni na biyu riguna masu wata kala, ya ce su zama abokan karawarmu: wannan ya riƙa gudu irin na ɗan gabansu, wancan ya riƙa jinkirin juyawa irin na ɗan bayansu. Mu yi ta maimaita abu guda har ƙafa ta haddace shi. Juma'a a ɗan miƙe jiki, a wuce gidansa, matarsa da muke kira Mama ta zuba mana shinkafa da wake a manyan faranti, Kirista ya yi addu'arsa, Musulmi ya yi tasa, kowa ya je ya kwanta da wuri. Asabar wasa. Lahadi kuwa ya hana a yi masa maganar ƙwallo. Ko a bakin coci ka tare shi da murnar jiya, sai ya tambaye ka lafiyar mutanen gida.

Dokarsa ɗaya ce da ba ta lanƙwasuwa: wanda bai zo tirenin ranar Alhamis ba, ba zai buga ranar Asabar ba. Mun ga yadda ta hau kan ɗan wani babban jami'in kwalejin, wanda ya tafi biki bai dawo ba sai Juma'a. Uban ya aiko, ya kira Koci ofis, aka yi ta magana, amma ranar Asabar ɗan nasa a benci ya zauna har aka tashi. Daga ranar babu wanda ya sake gwadawa.

Kuma muna ci, wannan ne ya rufe bakin kowa. Ba wai mun fi sauran kwalejoji ƙwararrun 'yan wasa ba ne, wasu ma sun fi mu tsayi da ƙarfi da takalma masu kyau, amma mukan shiga fili kamar waɗanda suka riga suka buga wasan sau ɗaya. Na tuna wata Asabar da ɗan gaban wata ƙungiya ya so ya yanko ciki da ƙafar hagu, sai ya tarar da ni tsaye a gabansa, domin an yi mini irin wannan yankan ba adadi ranar Alhamis. Haka muka yi ta tafiya zango bayan zango. Ba a cika doke mu ba, in ma an doke mu, Litinin ɗin ba ta bambanta da ta makon da muka ci.

A shekarata ta ƙarshe aka ba ni kyaftin. Baya nake bugawa, ba ni da wata bajinta sai bin umarni. Mai bajinta a cikinmu abokina ne, wanda muke ɗaki ɗaya, ɗan wani ƙauye a wajen Kwoi, ƙasar Jaba. Lamba tara yake sawa, har lambar ta zama sunansa a bakin 'yan kallo. Siriri ne, ba ya son magana, yana cin gwaten acca kamar ba zai ƙoshi ba, amma idan ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ga kamar ita ce ke neman raga da kanta. Bai taɓa fashin tirenin ba. Koci ba ya yabon mutum a gaban jama'a, amma na sha ganinsa yana kallon abokina yana ɗan girgiza kai, irin na wanda ya ga abin da bai yi zaton gani a filin kwaleji ba.

Da kakar shekarar muka kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, aka sa shi a filin cikin garin Kafanchan. Labari ya zo cewa mutanen wani babban kulob daga Jos za su zo kallo, kuma kowa ya san wanda suke so su gani. Koci ne ma da kansa ya yi musu maganarsa.

Ranar Talatar makon, bayan mun sauko daga tudu, aka kira abokina a waya daga gida. Mahaifinsa ya faɗi a gona an kai shi asibiti. Ga citta ta isa tono, an riga an sa ranar gayya, kuma shi ne babba a gidan, ƙannensa duk ƙanana ne. Wanda ya san ƙasar Jaba ya san citta ita ce komai na gida. Idan ranar gayya ta zo babu wanda ya tsaya a madadin maigida, kowa zai koma tasa gonar. Na raka shi gidan Koci a kwatas ɗin malamai.

Koci ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ka tafi, ɗana. Mahaifinka ya fi ƙwallo." Ya shiga ciki ya ɗauko makullin babur, ya kai shi tasha da kansa.

Abokina ya ɗauki wannan maganar a matsayin izini. Ni ma haka na ɗauka. Babu wanda ya tambayi zancen Asabar a cikinmu, shi ma Koci bai ambata ba.

Alhamis ta zo ba ya nan. Koci ya sa wani ɗan aji ɗaya a gurbinsa, dogo, ya iya sa kai amma ƙafarsa da nauyi. A tafiyarsa ta Laraba Koci ya lura golan abokan karawarmu yana mannewa a turken raga na kusa idan za a bugo kwana. Don haka muka yi ta bugo kwana zuwa turken nesa, dogon nan yana tashi yana sa kai, har goshinsa ya kumbura.

Ranar Juma'a da la'asar abokina ya dawo, tafin hannunsa duk ya fashe, jikinsa yana ƙamshin ɗanyar citta. Mahaifin ya ɗan farfaɗo, an tone gonar, an fara tsagawa da shanya. Ko ruwa bai sha ba ya sa takalmi ya zo fili. Bayan mun miƙe jiki Koci ya tara mu ya kira waɗanda za su fara wasan gobe. Da ya zo kan ɗan gaba, sai ya kira dogon. Dogon da kansa ya sunkuyar da kai.

Na bari kowa ya yi gaba, na bi Koci zuwa inda ya ajiye babur.

"Koci, kai ka ce ya tafi," na ce.

"Ni na ce. Ko yau aka sake kira, zan ce ya tafi."

"To mene ne laifinsa?"

"Ba shi da laifi, Kyaftin. Ba hukunci nake masa ba. Wasan da za mu buga gobe jiya muka shirya shi, shi kuwa ba ya nan."

Na ce masa mutanen Jos saboda shi za su zo, kuma ɗan ƙauye irinmu ba kullum yake samun wanda zai zo kallonsa ba. Na ce 'yan wasa duka sun yarda, har shi dogon ya ce a ba shi benci. Koci ya dafa kujerar babur.

"Ka tuna wanda ubansa ya kira ni ofis?" ya ce. "Na gaya masa ko ɗan cikina ne haka zan yi. Idan na sauya gobe, ƙarya na yi masa ke nan. Kuma duk wanda ya hau tudun nan yana amai zai san dokar tana duba fuska, tana tsallake wanda ya iya wasa." Ya tada babur. "Zo mu je, Mama tana jira."

Abokina bai je cin shinkafar ba. Na same shi a ɗaki ya shafa man kaɗe a hannu, ya goge takalminsa kamar kullum, ya kwanta yana fuskantar bango. Ina jin har lokacin yana sa ran za a sa shi bayan hutun rabin lokaci. Ni ma abin da na sa rai ke nan.

Fili ya cika ranar Asabar, ɗalibai da 'yan acaɓa da mata masu sayar da gyaɗa da rake, wasu har kan katanga. Mutanen Jos suna zaune a kujerun manyan baƙi. Aka tafi hutu babu ci. Abokan karawarmu sun fi yadda muka zata, sun toshe tsakiya, dogon namu yana ta fama shi kaɗai a gaba. Da aka dawo 'yan kallo suka fara kiran lamba tara, daga ɓangare guda har ya game fili. Daga inda nake a baya ina hango benci. Na ga Koci ya juya ya dubi abokina, har ya ɗaga hannu kamar zai kira shi, abokina ya fara miƙewa. Sai Koci ya mayar da hannun aljihu ya juyo ga fili.

Ba a daɗe ba muka sami kwana. Golansu ya manne a turken kusa, daidai yadda aka faɗa mana. Aka bugo ta nesa, dogon ya tashi ya sa kai, ƙwallo ta shiga. Da wannan ci ɗayan muka ɗauki kofi. Aka ɗaga Koci sama ana zagayawa da shi, yana cewa a sauke shi saboda gwiwarsa. Kafin a miƙa mini kofin na dubi kujerun manyan baƙi, mutanen Jos sun tafi.

Abokina ya tafa mana tare da kowa. A motar komawa ana ta waƙa, shi yana kallon taga. Ranar Litinin ya wanke jesinsa, ya ninke, ya ba ni ya ce in kai wa Koci, shi yana da lakca. Bai sake zuwa fili ba. Koci ya aika a kira shi, ya ce a gaishe shi da kyau, karatu ne ya yi masa yawa. Babu faɗa, babu baƙar magana. Idan sun haɗu a hanya yakan rusuna ya gaishe shi ya wuce.

Ban sani ba ko mutanen Jos za su ɗauke shi da ya buga. Na ga waɗanda aka ɗauka suka dawo gida da karyayyar ƙafa. Amma shi bai sami ko damar da za a gan shi a ce bai yi ba, wannan ne ke damuna har yau. Mahaifinsa bai kai damina ba. Muka gama kwaleji, ni na sami koyarwa a wata sakandare a Manchok, shi ya koma gonar citta, in rani ya yi ya fito da babur yana ɗaukar fasinja tsakanin Kwoi da Kafanchan. Ya yi aure, ya ɗan yi ƙiba. Idan abokai sun shiga gidan kallon ƙwallo, shi a waje yake zama ya jira su.

Koci ya ci gaba da ɗaukar kofuna har ya yi ritaya. Ni ma da aka ba ni ƙungiyar makarantarmu, makonsa na ɗauko gaba ɗaya, Litinin babu ƙwallo, Talata tudu, kuma yana aiki. Dokar Alhamis ce kawai nake faɗa da baki, idan ta zo kan ɗalibin da aka tsare a gona sai in kawar da kai. Muna ci, muna kuma shan kashi. Ba mu taɓa kama ƙafar ƙungiyarsa ba.

Bayan shekaru na ji ciwon suga ya taɓa masa ido, na je gaishe shi a gidansa na Kafanchan, can bayan layin dogo. Mama ta kawo mini kunu, ta ce tunda ya daina fita ba shi da hira sai ta tsofaffin 'yan wasansa. Ya gane muryata tun daga ƙofa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wane fasto ne yanzu, wane ya shiga soja, dogon nan yana hedimasta a wajen Kauru. Can sai ya ce, "Abokinka fa?"

Na gaya masa.

"Yana buga wa ƙauyensu?"

"A'a, Baba. Tun ranar bai sake taɓa ƙwallo ba."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. "Farawa da dogon daidai ne," ya ce. "Har gobe ina kan wannan. Amma bayan mun ci, me ya rage na shirin Alhamis? An riga an buga kwanar. Da na sa shi ko na 'yan mintocin ƙarshe ne, mutanen nan su ga yadda yake karɓar ƙwallo. Ni na kafa dokar nan da bakina, Kyaftin, sai na zo ina jin tsoronta kamar wani ne ya kafa mini."

Na ce zan gaya wa abokina haka. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kada ka gaya masa. Ba maganar aike ba ce. Ka kawo mini shi in faɗa masa da bakina."

Na yi ƙoƙari. Na kira abokina na ce mu je gaida Koci, ya ce shuka ake yi, a bari sai an gama. Bayan shuka ya ce ciyawa ta ci gona. Ba ƙi yake yi kai tsaye ba, ni kuma na yi alkawari ba zan faɗi dalili ba. Haka aka yi ta ɗagawa har shekara ta zagayo. Sai da auren ƙanwata ya taso na gayyace su duka biyun, na sa aka ajiye musu kujeru kusa da juna a ƙarƙashin rumfa.

Abokina ya zo ya durƙusa ya ce, "Sannu, Baba. Yaya jiki?" Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi ya zauna. Na tsaya nesa kaɗan ina kallo. Shekarar cuta ta kama citta, tana ruɓewa tun a cikin ƙasa, sai suka shiga wannan zancen, daga nan suka koma na taki da na lalacewar hanya. Can na ga Koci ya ɗora hannu a gwiwar abokina, ya karkato, na ji ya ce, "Ɗana, akwai maganar da nake so..." Daidai nan matan zumunta na coci suka shigo da amarya, da ganguna da kiɗan tulu, kowa ya miƙe, aka zo aka ja ni wajen hoto. Kafin in dawo abokina ya yi sallama, yana so ya kai gida da sauran rana saboda hanya.

"Ba komai," Koci ya ce mini. "Dama wurin biki ba wurinta ba ne. Ka kawo mini shi gida bayan Kirsimeti."

Bai kai Kirsimetin ba. Tsofaffin 'yan wasansa suka zo daga ko'ina, mu muka ɗauko akwatin daga coci. Abokina ya iso ana cikin wa'azi, ya tsaya a baya. A bakin kabari ya karɓi shebur daga hannun wani, ya yi ta zuba ƙasa har gumi ya jiƙa masa riga, bai miƙa wa kowa ba.

Da aka watse ya ce in hau ya kai ni tashar Manchok. Muna cikin tafiya, bai juyo ba, ya ce, "Wace magana ce tsohon yake so ya faɗa mini ranar biki?"

Na ce ya tsaya. Ya tsaya a gefen titi kusa da masu sayar da doya, ya kashe babur. Na faɗa masa duka, yadda aka faɗa mini. Ya saurara yana kallon motocin da ke wucewa.

"Tun yaushe ya gaya maka?"

"Tun bara. Ya ce kada in faɗa, shi zai faɗa."

Ya gyaɗa kai. "Ni na ɗauka ya manta da zancen," ya ce. "Da farko na yi fushi, gaskiya. Daga baya kunya ce. In je gaban mutumin da ya yi wa 'yan Jos maganata, ya tambaye ni aikin da nake yi." Ya cire hula ya share fuska da ita. "Da na sani da na bar shukar nan na zo."

Har yanzu nakan juya alkawarin nan a raina, ban gama sanin ko riƙe shi ne ya fi ba.

Motar Manchok ta kusa cika lokacin da muka isa tasha. Ya sauke ni, ya ce in gai da iyali, in kuma zo in ɗebi irin citta idan ta baɗi ta yi. Wata mata da buhun masara ta tsayar da shi tana neman mai zuwa Kwoi. Ya sauka ya taya ta ɗaure buhun a baya, ta hau, suka tafi.